Sunan Raudatu a Bakin Gari

Wata huɗu ke nan da Malam Ɗanƙarami baduku ya gindaya wa Rabi'u sharaɗi guda ɗaya, kuma a tsawon watannin nan Raudatu ba ta taɓa sallame salla ba tare da ta roƙi Allah ya tsare harshen masoyinta ba.

Rabi'u mawaƙi ne. Ɗan manoma ne daga Gidimuni, ya bar lambun mahaifinsa a bakin tafki ya shigo Damagaram ba shi da komai sai muryarsa, har ya zama shi ke jan makaɗan Dandalin Mai Nasara, gidan wasan da matasan gari ke cikawa duk Asabar. Ita kuwa Raudatu malama ce a wata lakwal, wato makarantar boko, ta unguwar Birni, ƴar farin Malam Ɗanƙarami, kuma sunan marigayiya mahaifiyarsa ta ci. Saboda haka shekara ashirin da shida ke nan bai taɓa furta sunanta ba. Uwata yake ce mata, ko yana murna ko yana faɗa.

Ranar da Rabi'u ya durƙusa a zaurensa, dattijon bai kore shi ba, ko da yake dangi kaf sun so a kore shi, domin zuriyarsu ba ta taɓa haɗa jini da mai kiɗa ba. Ya daɗe yana duban jar fatar da ke bisa gwiwarsa kafin ya buɗe baki.

"Sana'arka ban yabe ta ba, ban kuma tsine mata ba. Abu ɗaya nake so. Sunan da yarinyar nan ke ɗauke da shi na wadda ta haife ni ne. Ni da na raɗa mata shi ban taɓa kiran sa ba. Kada ya fito daga bakinka ta lasifika a gaban jama'a. Ka riƙe wannan har girbi, sa'annan ka turo magabatanka."

Yanzu girbi saura wata guda. Gero ya riga ya fid da kai a gonakin hanyar Tirmini.

Da yake lakwal na hutun damina, ranar Laraba da hantsi Raudatu ta shiga kasuwar Dole sayen kayan miya. Tana ratsa layin masu tura waƙoƙi a wayar salula sai ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta san wannan kiɗan. Ta san shi tun ba wanda ya san shi, domin ita kaɗai Rabi'u ya rera wa waƙar, ya turo mata a salula watanni biyu da suka shige, ta riƙa saurare a ɗakinta da abin kunne.

Sai dai ƙarshen waƙar ya sauya. Inda a da kiɗan kan lafa a hankali, yanzu sai ganga ta ƙara zafi, muryar Rabi'u ta fito tsab daga wata ƙatuwar lasifika:

"Alhaji Mahamud Mai Nasara, angon bana... Raudatu, Raudatu ta Birni."

Rumfa ta gaba ma ita take sawa. Ta bayanta ma haka. Wata mai sayar da daddawa ta ɗago kai ta dube ta, ta yi murmushi, ta ce Allah ya sanya alheri. Raudatu ta gyara hijabinta, ta juya gida ba ta sayi ko barkono ba.

Alhaji Mahamud shi ne mai Dandalin. Sau biyu yana aiko manyansa neman aurenta tun bayan rasuwar matarsa, sau biyu Malam Ɗanƙarami yana mai da amsa cewa yarinyar ta mallaki hankalinta, kuma ba ta amsa ba.

Labarin ya riga ta isa gida. Ta iske Gwaggo Zuwaira, ƙanwar mahaifinta, zaune a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba, tana ta faɗin abin da ta daɗe tana faɗi. Cewa take yi tun farko ta san mai kiɗa ba ya da rufin baki, abin da ya ci da safe ma sai ya sa shi a waƙa da yamma. Ta ce tun asuba mata ke kiran ta suna tambayar ranar ɗaurin aure, har an fara maganar anko. Tunda gari ya riga ya haɗa sunayen nan biyu, a ganinta rufin asiri shi ne a karɓi goron Alhaji a huta, mutum mai gida da mota, wanda ko kiɗan da ake yi a gidansa ba shi ke bugawa ba.

Malam Ɗanƙarami yana gefe bisa buzunsa yana ɗinkin jaka. Sai da Raudatu ta durƙusa a gabansa ya soka basilla a jikin fatar, ya ɗago.

"Uwata, muryarsa ce?"

Ta so ta ce na'ura na iya yin komai. Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Muryarsa ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya zare basillar ya ci gaba da ɗinki. Ta lura zaren ya kuɓuce masa har sau uku.

Washegari bayan azahar Rabi'u ya same ta a harabar lakwal, ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke fuskantar titi, inda duk mai wucewa ke iya ganin su. Idanunsa sun faɗa. Bai gaishe ta da barkwancin da ya saba ba, bai ce mata Madam mai jan biro ba. Ya tsaya nesa kaɗan, ya fara bayani kamar mai amsa tuhuma a gaban alƙali.

Ya ce a sana'arsu ba a ɗaukar waƙa gaba ɗaya. Kiɗa daban, murya daban, sunaye daban. Sunayen nan da ake jerawa a ƙarshen waƙa, waɗanda suke kira dedikas, takarda ce ake miƙo wa mawaƙi ya karanta, kowane suna da kirarinsa, wani lokaci suna talatin a zama ɗaya, kuma ba a saba tambayar dalili ba. Cikin irin wannan takarda ya karanta "angon bana" a gaban sunan Alhaji. Ya ɗauka wata mace daban aka samo wa Alhajin, har ya yi hamdala a zuciyarsa.

Game da sunanta kuwa, sau ɗaya ya faɗe shi a gaban mikoro, abin ɗaukar murya. Sun gama aikin ranar da sauran lokaci, abokan kiɗansa sun fita, ya roƙi Suma'ila mai haɗa sauti ya ɗauki waƙar da ya yi mata. Da aka gama ya sa aka tura masa, ya ce a goge sauran. Suma'ila ya goge waƙar a gabansa. Abin da bai tuna ba, shi da ya shekara biyar yana shiga ɗakin nan, shi ne kowace murya da aka ɗauka tana da nata wurin ajiya a cikin na'urar. Kuma ɗakin na Alhaji ne. A takardar da suka sa wa hannu, duk sautin da aka ɗauka a tsakanin bangon nan huɗu mallakar mai ɗaki ne, ya yanka, ya liƙa, ya saki ranar da ya ga dama.

Raudatu ta saurare shi har ya kai aya. Hawaye na gangarowa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Rabi'u, duk wannan na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne abin da ya kai ka faɗin sa tun farko. Ai da ka bar waƙar ba suna, ni na san tawa ce."

"Na so in ji yadda zai zauna a kan kiɗa, ko sau ɗaya. Shekara biyar ina kiran sunan mutanen da ban sani ba, Raudatu. Ƴan kasuwa, ƴan siyasa, matan da ban taɓa gani ba. Suna ɗaya tak nake so a duniyar nan, shi ne aka hana ni. Na ce a raina ɗaki ne rufaffe, ba jama'a, ba lasifika."

"To ga shi yanzu har mai daddawa ta haddace shi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ba kai kaɗai ne mai laifi ba," in ji ta. "Ranar da ka turo mini, da na tsawata maka na ce ka koma ka tabbata an share shi. Amma daɗi na ji. Na saurare shi ya fi sau ɗari. Duk lokacin da ka zo wurin sunan sai in mai da shi baya. Na manta ba nawa ne ni kaɗai ba, aro aka ba ni."

Ta tambaye shi ko akwai hanyar janye waƙar. Ya girgiza kai. Ya ce da zarar waƙa ta shiga hannun masu turawa, ta fita hannun kowa, ko shi Alhajin ba zai iya kiran ta ta dawo ba. A iya saninsa waƙa ba ta barin kasuwa sai wata sabuwa ta fi ta daɗi ta danne ta.

Sa'annan ya gaya mata abin da ya fi damun sa. Jibi Asabar akwai babban wasa a Dandalin, an manna sunan waƙar a kowace kusurwa ta gari, kuma Alhaji ya ce a rera ta yadda take a kasuwa, har da dedikas. In ya ƙi, ya tashi daga aiki. Jitar da yake riƙewa, ganguna, lasifikoki, ɗakin ɗaukar sauti, babu ko igiya ɗaya da take tasa. Ga kuma mutum shida da ke kiɗa a bayansa, kowanne da iyali.

"Ba zan ce ka bar abincinka saboda ni ba," ta ce. "Kuma ba zan aure ka Baba bai sa albarka ba. Ka san wannan tun ranar farko."

"Na sani."

"To ka je ka yi istihara. Ni ma zan yi."

Da ta kai wa mahaifinta bayanin, bai katse ta ba. Ya tambaye ta sau biyu yadda ake yanke murya a liƙa ta a wani wuri, ta kwatanta masa da yadda yake yanko koriyar fata ya ɗora ta a kan ja. Wannan ya gane. Ya ce to, na'ura ba ta da alkawari da kowa, shi da mutum ya yi magana. Ba zai tilasta mata Mahamud ba, ko da Zuwaira za ta kwana tana kuka. Amma ranar Asabar zai je ya gani da idonsa. In sunan ya fito daga bakin yaron, to ƙofar gidan nan ta rufe gare shi har abada.

Raudatu ta ce ai ko daga bayan katanga ana jin komai. Ya ce a'a, tunda an ce na'ura na iya magana da muryar mutum, bakin yake so ya gani. Ita ma ta shirya, tare za su.

Ranar Asabar bayan la'asar uba da ƴa suka tsaya a ƙofar Dandalin Mai Nasara. Layin matasa ya dare da kansa da suka ga farin gemu da rawani. Mai tsaron ƙofa ya rasa yadda zai yi, ya ce Baba ya wuce kawai, amma Malam Ɗanƙarami ya ƙi, ya sayi tikiti biyu kamar kowa. Da aka kama hannunsa aka buga masa shuɗin tambarin shiga a wuyan hannu, ya tsaya yana duban sa, ya tambaya a hankali ko tawadar tana hana ruwan alwala taɓa fata.

Fili ne mai faɗi, ba rufi, an kewaye shi da katanga, dutsen Birni na leƙowa ta bayansa. An cika maƙil. A sahun gaba an jera kujeru masu laushi, Alhaji Mahamud a tsakiya cikin farar shadda. Da aka raɗa masa wanda ya shigo, ya taso da kansa ya rusuna ya yi tayin kujera. Dattijon ya amsa gaisuwar, ya ce tsayuwa ta ishe shi. Suka tsaya a gefe, kusa da teburin Suma'ila, daidai inda ake ganin fuskar mai waƙa. Suma'ila ya dubi Raudatu sau ɗaya, bai sake ɗaga ido daga maɓallansa ba.

Waƙa huɗu Rabi'u ya yi kafin jama'a su fara kiran wadda suka zo domin ta. Ya hango rawanin tun waƙar farko. Raudatu ta ga lokacin da ya hango shi, domin yatsunsa sun yi tuntuɓe a kan jita.

Aka ɗauko kiɗan. Ya rera baitin farko, ya rera na biyu, muryarsa ta fi yadda take a salula taushi da nauyi. Raudatu na jan carbi a cikin hijabi ba ta san abin da take karantawa ba. Ganga ta fara ƙara zafi. Masu liƙi suka miƙe suka nufi gaban dandamali. Alhaji Mahamud ya gyara zama.

Rabi'u ya ɗaga hannun dama ya dunƙule shi, alamar da makaɗa suka sani. Mai ganga ya yi jinkiri kaɗan, ya dubi sahun gaba, sa'annan ya kife tafinsa a kan fata. Kiɗa ya tsaya cak. Rabi'u ya zare mikoro daga sandarsa, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa. Ya miƙe, ya juya fuskarsa sosai wajen dattijon, leɓɓansa a haɗe.

Alhaji ya waiwaya ya yi wa Suma'ila alama da yatsa cewa ya saki muryar da ke cikin na'ura. Suma'ila ya kai hannu, ya dubi tsohon da ke tsaye kusa da shi, ya janye hannun ya sa a aljihu.



Sai wata murya daga can baya ta ɗauki baitin. Jama'a sun zaci gayyata ce, domin haka mawaƙa kan yi in waƙa ta karɓu, su yi shiru su bar wa masu kallo. Goma suka amsa, ɗari suka amsa, sa'annan filin gaba ɗaya, da tafi, da tsalle, da salula a sama:

"Angon bana... Raudatu, Raudatu ta Birni."

Sau uku suka maimaita. Rabi'u yana girgiza hannu yana roƙon su bari, su kuwa suna ɗauka ƙari yake nema. Malam Ɗanƙarami ya rufe idanunsa. Raudatu ta ga leɓensa na motsi, ta san addu'ar da yake yi wa mahaifiyarsa ce bayan kowace salla. Da ya buɗe ido ya juya ya nufi ƙofa, ta bi shi.

A waje akwai tulun ruwa a gindin wata bishiya. Ya tsuguna ya ɗibo ya fara cuɗa wuyan hannunsa. Tawadar ta ƙi fita, sai dai ta bazu.

"Baba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "bai faɗa ba."

"Na gani, Uwata."

Daga ciki hayaniya ta sauya, ta koma ihun masu neman a ci gaba da wasa. Ba a jima ba ƙaramar ƙofar baya ta buɗe, Rabi'u ya fito. Ba jita a kafaɗarsa. Ko rigar wasan an karɓe, farar singileti ce a jikinsa. Ya tako har gaban dattijon ya zube bisa gwiwoyinsa a cikin laka.

Malam Ɗanƙarami ya ci gaba da cuɗa hannunsa har wani lokaci kafin ya yi magana.

"Sun kore ka?"

"Sun kore ni, Baba."

"Ka riƙe bakinka a inda riƙewa ke da tsada. Na shaida, kuma zan faɗa a gaban dangi. Ƙofata ban rufe maka ba."

Raudatu ta toshe bakinta da gefen hijabi.

"Amma yau na ji sunan wadda ta haife ni a bakin mutum dubu, suna tsalle da shi. Ba su suka shiga ɗakin nan suka faɗe shi ba, kai ne. Abin da ka sa a bakin gari, kai za ka cire shi. Ranar da na ratsa kasuwar Dole daga wannan ƙofa zuwa waccan ban ji shi ba, ka turo magabatanka. Kafin ranar, kada in gan ka a zaurena."

Ya miƙe, ya saki hannun rigarsa ya rufe tambarin, ya ce da ƴarsa su tafi kada magariba ta riske su a hanya.

Raudatu ta yi taku biyu ta waiwaya. Ta tuna abin da Rabi'u ya gaya mata a gindin dogon yaro, cewa waƙa ba ta barin kasuwa sai wata ta danne ta. Ta ga shi ma abin da yake tunawa ke nan, domin tafukan hannunsa yake kallo, ba jita, ba ɗakin ɗauka, ba makaɗi ko ɗaya a bayansa.

Wani ɗan kabu-kabu a kan babur ɗinsa ya ratsa ta tsakaninsu a hankali yana kauce wa kwatami, salularsa a aljihun gaba tana kiran sunanta da muryar Rabi'u. Malam Ɗanƙarami bai waiwaya ba, sai dai ya ƙara sauri.